Ingilishin Landan, na Amurka ko na maƙwabta: wanne ɗan Tawa zai ɗauka?

Ɗan ƙanwata ya ci bakaloriya bana. Kwana biyu da fitowar sakamako ya same ni a ƙofar gida bayan sallar isha'i, shayi na biyu yana kan gawayi. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya miƙo mini salularsa. Wata manhajar koyon harshe ce ya buɗe, ta tsaya cak a kan tutoci biyu, ta Birtaniya da ta Amurka, ta ƙi gaba sai ya taɓa ɗaya.

"Kawu, wacce zan danna?"

Na ce ya gyara zama a tabarma tukuna, maganar ta fi ƙarfin a yanke ta a durƙushe.

Na daɗe ina koyar da Ingilishi a Tawa, da rana a makaranta, da dare ga manya masu neman ƙari. Da gangan nake cewa Ingilishi, domin a wajenmu in ka ce Turanci, da yawa Faransanci za su ɗauka kake nufi. Tambayar yaron nan kuwa na sha jin ta, sai dai ta ƙara yawa tun watan Maris na 2025, da kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Tun daga nan ma'aikacin ofis da malamar asibiti da ɗan kasuwa kowa ya bazama neman inda zai koya, kowa kuma so yake a nuna masa na asali.

Amsar farko daga gida nake ɗauko ta. Mu nan Adar "munka tahi" muke cewa, Bakano ya ce "muka tafi". Mu ce "wanga", ya ce "wannan". Hausar da ake bugawa a littafi ta fi jingina da Kananci, amma ba wanda zai shiga kasuwar Tawa ya ce wa tsohuwa mai daddawa ba ta iya Hausa ba. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ingilishi ma haka yake, sai dai shi gidajensa sun warwatsu a nahiyoyi, kuma wanda zai koya da girmansa dole ya san gidan da zai fi yawan sallama a cikinsa.

Wanda mutane ke kira na Landan, suke kwaɗayinsa, shi ne lafazin da aka daɗe ana ji a bakin masu karanta labarai na BBC, masana suna taƙaita sunansa da RP. A makarantun kwana na ƴaƴan masu hali ya yi ƙarfi, kuma a Birtaniyar kanta ƴan tsiraru ne ke magana da shi tsantsa. Duk mai kallon gasar Firimiya ya ga alama: a tashi wasa a tsayar da ɗan Sikotilan ko wanda ya tashi a arewacin Ingila ana masa tambayoyi, sai ka ji ɗalibin da ya fi kowa maki a ajina ya rasa kan zancen. A titunan Landan ɗin ma matasa haɗiye t suke yi a tsakiyar kalma, su sa irin tsayawar maƙogwaron da muke yi a "sa'a" da "jama'a", har kalmar ruwa, "water", ta koma kamar "wo'a".

Duk da haka, ɗan Nijar mai jin Hausa yana da gado biyu a wannan ɓangare, da yawa ba su lura da su ba. Na farko yana bakinsa. Dubi kafinta, direba, minista, lebura, mota. A rubutun Ingilishi duk da r suke ƙarewa, amma waɗanda suka fara aro su ba su ji r ɗin ba, saboda Turawan da suka ci Kano da Sakkwato a 1903 ba sa furta shi bayan wasali. Kalmomin suka biyo fatake suka ƙetaro mana haka. Tocila da fetur ma daga bakin Ingila suka fito; Ba'amurke "flashlight" da "gas" zai ce.

Gado na biyu yana alƙalaminsa, kuma shi ne ya fi nauyi a wurina. Yaron da ya yi shekara goma sha uku yana rubuta Faransanci, hannunsa ya riga ya saba da "centre" da "litre" da "programme", kuma haka ɗan Ingila ke rubuta su harafi da harafi. Kwanan wata ma tsarinmu ɗaya: rana, wata, shekara. Hatta ƙirgen hawan bene iri ɗaya ne, a bar na ƙasa a fara ƙirga na samansa da ɗaya, alhali a Amurka na ƙasan shi ne na ɗaya. Najeriya da Gana da Gambiya da Saliyo, da Kenya da Indiya, duk wannan rubutu suka gada. Wasiƙar da za ka aika jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko wani ofis a Akara, a wannan tufa ake sa ran ganin ta.

Inda gizo ke saƙa shi ne furucin. Littattafan koyarwa suna ƙirga wa RP wasula wajen ashirin. Hausa biyar gare ta, kowanne da dogo da gajere, sai tagwaye biyu, ai da au. Kafin babba ya daidaita bakinsa a kan ashirin ɗin nan sai ya ci shekaru, kuma da wa zai riƙa gwadawa a Tawa? Na ga ɗalibai masu ƙwazo sun ƙare ƙarfinsu a kan murɗa leɓe, har suka koma tsoron buɗe baki don kada a ji Adaranci a ƙarƙashin maganarsu. Wannan asara tana ci mini rai.

Na Amurka kuwa ba sai ka neme shi ba, shi ke zuwa har ɗakinka. Fina-finai, waƙoƙi, YouTube, darussan kwamfuta, yawancinsu da shi suke magana. Manyanmu da suka yi kwaleji tun da can wasunsu a hannun matasan Peace Corps, masu aikin sa-kai daga Amurka, suka fara jin harshen, waɗanda suka yi aiki a Nijar daga 1962 har zuwa farkon 2011. Alamarsa r ce da ake furtawa duk inda aka rubuta ta, da kuma t ta tsakiyar kalma da ke laushi ta koma kamar r mai bugu ɗaya, shi ya sa "water" ɗinsu ke fitowa kusa da "warar". Rubutunsa kuma da gangan aka bambanta shi. Noah Webster, mai ƙamus ɗin 1828, yana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata sai sabuwar ƙasa ta yi nata salo, daga nan "color" da "center" suka kafu.

Wanda ya nufi ilimin kwamfuta, ko yake da ƴan'uwa a Niyok ko Greensboro, inda ƴan Nijar suka yi yawa, kuma da gaske can zai tafi, ya ɗauki na Amurka tun daga tushe, kada ya yi wata-wata. Amma ya san tarkunansa. "Can" da "can't", wato iyawa da rashin iyawa, a bakin ɗan Ingila a rarrabe suke sarai saboda wasalin na biyun dogo ne. A bakin Ba'amurke mai sauri baƙon kunne da ƙyar yake raba su. Zafin watan Afrilu da muke cewa 43, su 109 za su ce, don ma'auninsu daban ne. Sannan abin da samari ke kwasowa daga waƙoƙin rap karin harshen baƙar fatar Amurka ne, mai nahawunsa da tarihinsa, ba gurɓatacce ba ne ko kaɗan, amma masu shi ma ba da shi suke rubuta takardar neman aiki ba.

Tarkon da ya fi yi mini ciwo na kwanan wata ne. Wata ɗalibata ta ajin dare, ungozoma, ta nemi gurbin ƙaro ilimi a wata cibiya ta Amurka. Sanarwar ta ce za a rufe karɓar takardu 05/06. Ta karanta yadda muka saba, 5 ga Yuni, ta shiga tattara takardunta a tsanake. Su kuwa 6 ga Mayu suke nufi, don wata suke fara rubutawa kafin rana. Daren da ta zo da zancen ta zauna a bencin baya, jakar takardun a cinyarta, sai da kowa ya watse ta ce, "Malam, wata guda cur na makara ban sani ba." Furucinta yana cikin masu kyau a ajin. Tun daga ranar, a makon farko nake koyar da wannan, kafin gaisuwa ma ta zauna.

Manhajar yaron tutoci biyu ta nuna masa, alhali Ingilishin da zai fi cin karo da shi a rayuwarsa ba ya cikinsu. Daga Tawa ka gangara Ƙonni, ka taka iyaka kana Illela, kaɗan ka ƙara kana Sakkwato. Najeriya ƙasa ce mai mutane fiye da miliyan 200 da ke gudanar da makaranta da kotu da jarida da Ingilishi. Raina shi da wasu ƴan bokonmu ke yi, suna ce masa buroka, rashin rarrabewa ne. Akwai Pidgin, wanda harshe ne mai zaman kansa, har BBC ta buɗe masa sashe a 2017. Akwai kuma Ingilishin malamin jami'a da lauya da mai karanta labarai, wanda nahawunsa daidai yake da na kowace ƙasa, lafazi da wasu kalmomi ne nasa na kansa. Ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomin Najeriya 29 a watan Janairun 2020, cikinsu har da "okada" da "danfo" da "Kannywood", daga baya "suya" da "japa" suka bi sahu.

Daɗinsa a bakinmu shi ne kowace gaɓa ana ba ta haƙƙinta, kamar yadda muke yi a Hausa da Faransanci. Ɗan Ingila da Ba'amurke danna gaɓa ɗaya suke yi su murƙushe sauran, shi ya sa maganarsu ke yi wa sabon kunne kamar ana tauna ta. Ban da haka, tunaninmu ne a cikinsa. Ɗan Najeriya zai miƙe zai fita ya ce "I am coming", ina zuwa ke nan. Ka yi tuntuɓe ya ce "sorry", sannu yake nufi. Ya tarar da kai kana aiki ya ce "well done", sannu da aiki. Bahaushe ba ya bukatar a fassara masa ko ɗaya. Sai dai a san iyakarsu: ka ce wa Bature "sorry" don ya yi tuntuɓe, zai iya amsa maka da cewa ai ba laifinka ba ne, ka ce masa kana zuwa alhali ka ba shi baya kana fita, ya tsaya yana kallon ƙofa.

Abin da ba na so ɗalibina ya kwaso daga ƙetaren iyaka shi ne cakuɗa p da f, da kuma v da b. Laifin ba na kowa ba ne, Hausa ce ba ta raba su ba. Amma a Ingilishi "copy" takarda ce, "coffee" abin sha, "pull" ja ne, "full" cika. A nan ɗan Nijar da ya yi lakwal ya riga ɗan'uwansa na Sakkwato da taki ɗaya, domin Faransanci ya raba masa waɗannan baƙaƙe tun yana ƙarami. Nasa ciwon daban ne. Yakan jefa nauyin murya a gaɓar ƙarshe ta kowace kalma. Yakan kuma amince da kalmomin da suka yi kama da na Faransanci alhali ma'anarsu ta sha bamban. Na sha gyara wasiƙun da aka buɗe da "I demand", mai rubutun yana zaton roƙo yake cikin ladabi, a Ingilishi kuwa kamar ya buga tebur ne ya ce a ba shi dole. "Library" ɗakin karatu ne, ba kantin littattafai ba. "Actually" ba ta nufin yanzu. Mai ɗaukar aiki zai yafe maka lafazi, irin wannan kuwa tun a layin farko zai ajiye takardar.

Gana tana da suna a yankinmu wajen tsabtar Ingilishi, kuma iyaye da yawa can suke tura ƴaƴansu kwas na ƴan watanni. Lafazinsu a natse yake, ana gane shi da wasalin da ke cikin kalmar aiki, "work": ɗan Gana ya ce kamar "wek", ɗan kudancin Najeriya "wok", Bahaushe kuma ya karkata wajen a, kamar yadda muka mai da "nurse" nas. Shawarata ga mai tura yaro ita ce ya bincika masaukinsa kafin makarantarsa. In ya sauka a unguwar Nima ta Akara ko a zangon Kumasi wurin ƴan'uwa, da Hausa zai sayi koko, da Hausa zai yi hira har dare, ya dawo bayan wata shida kuɗi sun tafi harshe bai zauna ba. Mai zuwa Sakkwato ko Kano ma wannan ramin ke jiransa.

Wani Alhaji mai lodin albasar Galmi zuwa Kumasi ya taɓa zama a ajina wata biyu. Ranar farko ya ce, "Malam, ni ba boko na zo nema ba. A kasuwa Hausa ta ishe ni. A banki da wurin kwastan ne nake so lissafi ya daina kuɓuce mini." Damuwarsa "fifteen" da "fifty" ce, 15 da 50, waɗanda a waya ko cikin ƙarar mota kusan ɗaya suke fita. Muka yi ta maimaita inda ake danna murya a kowacce, sannan na ba shi dabarar da masu harshen ma ke yi: in kuɗi ne, ya bi da lamba ɗai-ɗai, "one five" ko "five zero". Bai taɓa tambayata na Landan ne ko na Amurka ba. Abin da ya zo nema ya samu ya koma kan buhunansa.

Akwai kuma waɗanda ba a sa su a lissafi, alhali da su ake cinikin yau. Mai kai mara lafiya Indiya zai ji t da d da ake naɗe harshe a furta su, zai kuma ga takardar kuɗi da "lakh", wato 100,000, da "crore", miliyan 10. Mai sarin kaya a Dubai ko Guwanzu, da mai aiki da injiniyoyin Sin a harkar man Agadem, da mai hulɗa da Turkawa, duk da mutanen da su ma koyon harshen suka yi yake magana. Masu Ingilishi na koyo a duniya sun fi waɗanda suka tashi da shi yawa nesa ba kusa ba. Wata masaniya ƴar Birtaniya, Jennifer Jenkins, ta fitar da nazari a shekarar 2000 kan abin da ke hana irin waɗannan mutane fahimtar juna. Ta gano cewa sautin th, wanda muke wahalar da yara a kansa suna cizon harshe, ba kasafai yake ɓata fahimta ba. Abin da ke ɓatawa shi ne cakuɗa sauran baƙaƙe, da rashin raba dogon wasali da gajere, da yar da baƙi a farkon kalma, da danna murya a inda ba nan saƙon yake ba.

Da na karanta wannan sai na ji ƙarfin gwiwa, domin rabin aikin Hausa ta riga ta yi mana. Wanda ya san bambancin gari na zama da garin tuwo, ko dafa abinci da dafa kafaɗa, kunnensa ba zai sha wuya a kan "ship" da "sheep" ko "live" da "leave" ba, in dai an nuna masa. Bafaranshe na fama da h, mu tana bakinmu tun daga "hannu". Ko ɗabi'armu ta cusa wasali tsakanin baƙaƙe, wadda ta haifi burodi da sukurudireba, ta fi yar da baƙin gaba ɗaya sauƙin ganewa.

Masu tsoron jarrabawa su kwantar da hankali. IELTS, jarrabawar gwada ƙwarewa a Ingilishi wadda hukumar British Council ke cikin masu ita, tana karɓar rubutun Ingila da na Amurka duka, kuma a ɓangaren magana abin da ake aunawa shi ne ko ana gane ka ba tare da wahala ba. A ɓangaren saurare kuwa za ta jiyar da kai muryoyi daga Birtaniya da Ostareliya da Amurka ta Arewa. TOEFL ta Amurka ce, lafazinsu ya fi yawa a cikinta, amma ita ma tana sako wasu. WAEC ce ta fi jingina da furucin Ingila a takardarta ta sautuka, mai shirin zama ta ya san da haka. Abin da ba ya kyau a idon kowane mai dubawa shi ne a rubuta "colour" a sama, "center" a ƙasa. Ba a tauna taura biyu lokaci guda.

Shayi na uku ya zo kafin in ba yaron amsarsa. Na tambaye shi ina ya nufa, ya ce aikin lafiya yake so, in Allah ya yarda a Najeriya ko Gana. Na ce to ya danna tutar Birtaniya, saboda alƙalaminsa da takardun da zai cike. Bakinsa kuma kada ya takura shi sai ya zama na mutumin da bai taɓa gani ba. Ya sami mai karanta labarai ɗan Gana ko ɗan Najeriya wanda maganarsa ke fita tar, ya riƙa bin sa jimla da jimla. Kunnensa ne ban yarda ya tsaya wuri ɗaya ba: yau Ba'amurke, gobe Ba'indiye, jibi ɗan Kenya, ko minti goma ne kafin barci. Na ce da ya ce mini kwamfuta zai karanta ko Amurka zai tafi, da ɗayar tutar zan nuna masa.

"Kawu, to in na je can aka ji ni aka ce ɗan Nijar ne?"

Na ce ai ɗan Nijar ne, kuma likitan da zai koya masa aiki shi ma za a ji garinsu a bakinsa. Abin da nake so shi ne mara lafiya ya gane sau nawa zai sha magani tun a faɗa ta farko.

Kafin ya tashi na yago takarda daga littafin da nake rubuta darasi, na ce ya riƙe ta dab da leɓensa ya ce "pin". Takardar ba ta motsa ba. P ɗin Faransanci ce ya yi, marar iska, wadda mai Ingilishi zai iya ji kamar b, ya zaci "bin", kwandon shara, ake nufi ba fil ba. Na karɓa na faɗa, takardar ta yi baya. Ya sake gwadawa sau huɗu, a na biyar ta kaɗa. Ya ninke ta ya sa a aljihun riga, ya ce zai dawo ranar Alhamis da lambobi daga 13 zuwa 90.